Motata manuwal ce, kuma ban shirya canzawa ba tukuna

Duk majalisar da ake hirar mota a garin nan na Kaduna sai an zo kan maganar nan, manuwal mai giyar hannu ko otomatik mai canza giya da kanta, kuma ban taɓa ganin an tashi da matsaya ba. Masu manuwal suce mai otomatik ai ba direba bane, sitiyari kawai yake riƙewa mota na kai shi, masu otomatik kuma suce ku dai rashin kuɗi ne ya hana ku hutawa shi ne kuka sa wa abin suna ƙwarewa. Ni manuwal nake ja, Peugeot 406 ce, ta sha jiki amma tana nan da ranta, don haka ku san ɓangaren da nake tun yanzu. Sai dai bazan yi muku irin na 'yan ɓangarenmu ba da suke ɓoye wahalar dake ciki, don akwai ta wallahi, kuma ba kaɗan ba.

Kaduna dai garin manuwal ne tun asali, wannan babu gardama. A Kakuri kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, kuma duk wanda ya taso a garin nan a shekarun 80 zuwa 90 yasan 504 ita ce motar gwamnati, ita ce ta ma'aikaci in ya samu bashin mota, ita ce doguwar da ake lodi a tasha zuwa Kano da Jos, ga kuma 404 akori-kura mai giya a jikin sitiyari da take ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta. Daga baya 505 tazo, sannan 406. Kusan dukkansu giyar hannu ne, iyayenmu basu zauna sun yi wani zaɓi ba, abin da ke akwai kenan. Amfanin da wannan tarihi ya bar mana har yau shi ne bakanikai, manyan iyayen gida na garejin garin nan a kan waɗannan motoci suka koyi aiki, yaran da suka yaye ma haka, shi yasa da wuya ka shiga unguwa a Kaduna ka rasa wanda zai sauke giyar manuwal ya mayar da ita kafin la'asar.

Yawan otomatik da muke gani yanzu kuma hanyar da motocin ke biyowa ce ta canza. Da can motocin da aka yi amfani dasu daga Turai suke zuwa, Beljiyam da Jamus, su sauka Kwatano a shigo dasu, su Golf da Vectra da Sharon, kuma mutanen can manuwal suka saba ja sai muka gaji abin da suka bari. Da kasuwa ta juya Amurka sai ga Camry da Corolla da Accord, su kuwa Amurkawa tun 1940 kamfanin General Motors ya fara sa giya mai canza kanta a Oldsmobile, yanzu a sabbin motocin da ake sayarwa can manuwal basu kai 3 cikin 100 ba. To kaga in dila ya kawo mota 'yar Amurka kusan ba sai ka leƙa ciki ba kasan me zaka tarar. Mu dai abin da wasu suka gama ja shi muke gardama a kai.

Babban dalilin da yasa nake riƙe da manuwal ba mai bane, zan zo kan maganar mai. Gyara ne. Abin da ya fi lalacewa a manuwal kuloci ne, shi kuwa kuloci ba wani abin ɓoye bane, faifai ne mai fata da yake matse da babban faifan ƙarfe na bayan inji, kamar ka haɗa tafin hannunka biyu ka matse, in ɗaya ya juya ɗayan ma ya juya. Ka taka kuloci sun rabu inji na juyawa shi kaɗai, ka saki sun haɗu ƙarfi ya tafi taya. Fatar nan ce take cinyewa a hankali, kuma kafin ta ƙare sai ta baka notis, wannan shi ne abin da nake so da ita. Zaka ji kana taka totur a giya huɗu inji na ihu amma gudu baya ƙaruwa, zaka ga sai ka ɗaga ƙafa sama sosai kafin mota ta kama, wani lokaci kaji ƙauri in ka hau tudu da kaya. In boris ɗin ciki ne ya fara, da ka taka kuloci zaka ji yana kuka, ka saki yayi shiru. Duk wannan yana baka makonni, wani lokaci watanni, ka lallaɓa har albashi ya shigo, kaje Ori Apata ka sayo kayan kulocin, filet da diski da boris, ka kai wa bakanikenka, da safe ka ajiye da yamma ka ɗauka.

Otomatik fa? Ita in tana lafiya babu kamarta, kuma gaskiya in ana kula da ita tana daɗewa sosai, akwai Corolla da suka tsufa ba a taɓa kwance giyarsu ba. Matsalar ranar da ta tashi tsiya. Cikinta cike yake da ƙananan faifai da bawul da wayoyi da na'urar da ke gaya mata lokacin canji, masu iya buɗe ta su gyara da gaske a garin nan 'yan kaɗan ne, yawanci abin da zaka ji shi ne Alhaji sai dai a sayo wata. Ita kuma wadda za a sayo ta hannu ce da aka ciro daga wata motar, baka san me ta gani a rayuwa ba, za a baka garanti na 'yan kwanaki, in ta wuce su ta tsaya kai da Allah. Sannan ga maganar man giya da mutane suke wasa da ita, kowace giya da irin man da kamfani ya rubuta mata, na Toyota daban na Honda daban, masu CVT, wato otomatik ɗin da bata hawa giya ɗaya bayan ɗaya, su kuma nasu daban ne gaba ɗaya, amma sai kaga an je bakin titi an sayo duk wani jan mai an ɗura, wai ai duk man giya ne. Watanni kaɗan mota ta fara fizga, a ce aljanu. Manuwal ma tana da man da ya dace da ita amma tafi haƙuri da ganganci irin namu nesa ba kusa ba.

Bakanikena, wani dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin 504, akwai ranar da nake zaune a bencinsa ana canza min roban kuloci da yake yoyo, sai ga wani matashi an jawo motarsa otomatik da igiya tun daga wajen gari. Dattijon ya kalli igiyar ya kalli yaron yace ɗana daga ina aka jawo ta, yaro ya faɗa, yace tayoyin gaba a ƙasa? Yace eh Baba. Sai kawai ya girgiza kai yace to abin da ya tsayar da ita daban, abin da kuka yi mata a hanya daban. Abin da yake nufi, a yawancin otomatik inji ne yake juya famfon da ke zagaya mai cikin giya, in inji a kashe yake kuma tayoyi na juyawa to ƙarfe na cin ƙarfe ba mai, tafiya mai nisa a haka tana iya gama da giyar. Ita sai janwe ya ɗaga ta ko a ɗora ta gaba ɗaya. Manuwal kuwa ka sa firi a ɗaura igiya a ja ka zuwa gareji a cikin gari, ba wani tashin hankali.

Sai turi. Wannan duk mai manuwal yana alfahari dashi kuma yana da gaskiya. Safiyar hunturu batir yayi sanyi, ka murɗa makulli kaji ƙyat ƙyat ƙyat ba labari, yara sun sa yunifom suna jira. Ka leƙa waje ka kira samarin layi, mai shayi ma ya ajiye ludayi yazo, ka kunna makulli ka taka kuloci ka sa giya biyu, ba ɗaya ba don ɗaya fizga take ta kafe, su tura su tura har kaji ta ɗan ɗauki gudu, ka saki kuloci da sauri, mota ta girgiza tayi tari ta kama, ka sake taka kuloci ka bata wuta kana ɗaga musu hannu ta taga suna haki suna dariya. Mai otomatik in haka ta same shi sai neman wani batir ko wayar haɗi, turi baya mata komai. Amma a nan ma kar a cika baki, motocin yanzu masu injekta suna buƙatar ɗan wuta don famfon mai da ƙwaƙwalwar mota su tashi, in batir ya mutu murus ko fitilar dashbod bata kawowa to ko duk unguwa zasu tura har Rigachikun bazata tashi ba. Turi na batir mai rauni ne ko kik da ya ƙi, ba na gawa ba.

To maganar mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa wuce 1,000, kowa ya zama masanin shan mai, kuma abin da zaka fi ji shi ne manuwal bata shan mai. Akwai gaskiya a ciki amma rabi ce. In ka ɗauki tsohuwar otomatik mai giya huɗu ka haɗa da 'yar uwarta manuwal mai giya biyar, eh manuwal zata fi sauƙi, don tsohuwar otomatik da man giya take tura ƙarfi daga inji zuwa giya kuma wani ƙarfin yana ɓacewa a nan. Amma sabbin otomatik masu giya shida zuwa takwas da masu CVT sun kamo manuwal, wasu ma sun wuce ta, kwamfuta ce take zaɓar giya kuma bata gajiya bata fushi. Sannan ita manuwal sauƙin man nata a ƙafar direba yake. Mutumin da zai ja giya biyu tun daga Leventis har Unguwar Sarki inji na kururuwa, wannan ko me aka bashi sai ya sha mai. Girman inji da lafiyar fulogi da iskar taya da kunna esi duk sunfi irin giya tasiri a aljihunka, a ganina.

Akwai wata ɗabi'a ma da direbobin haya suka koya wa kowa, wai in an zo gangara a sa firi mota ta gangara da kanta don a tsimi mai. A zamanin kafireto wataƙila akwai ɗan abin da ake samu. A motar injekta kuwa lissafin juyewa yake, in kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur tayoyi ne suke juya inji, sai ƙwaƙwalwar mota ta yanke mai gaba ɗaya, amma in ka sa firi dole ta ci gaba da ba inji mai don kar ya mutu. Ga shi ka zubar da babban makamin da manuwal ta baka, wato riƙe mota da giya. Duk wanda ya taɓa saukowa daga Jos ta Hawan Kibo yasan abin da nake faɗi, gangara ce doguwa mai kwana, in ka dogara da birki kaɗai zaka ji yana zafi yana laushi ƙafarka na nutsewa. Ka sa giya uku, in ta matsa ka dawo biyu, inji ya riƙe maka motar kana ɗan taɓa birki jefi jefi. Otomatik ma tana da wannan, ga L da 2 nan a rubuce a gefen giya, amma tambayi masu ita nawa ne suka taɓa sa hannu a wurin, da yawa daga D sai R sai P suka sani har su sayar da motar.

A babbar hanya kam ina jin daɗin manuwal, ba zan ɓoye ba. Hanyar Zariya in ka wuce Maraban Jos ga tireloli da tankoki sun jeru, kana bayan wata tana tafiyar hawainiya tana watsa maka hayaƙi, ka hango sarari, ka sauko daga biyar zuwa huɗu ko uku tun kafin ka fita, ƙarfin yana hannunka a shirye, ka fita ka wuce ka koma. Tsohuwar otomatik sai ka taka ta ɗan yi tunani tukuna kafin ta sauke giya, kuma wannan ɗan jinkirin a hanyoyinmu ba ƙaramin abu bane. Haka da damina in ka shiga layukan cikin unguwa da ba kwalta, laka ta riƙe ka, da manuwal zaka iya tashi a giya biyu a hankali don kar taya ta yi ta juyawa a banza, ko ka rinƙa gaba da ribas kana lilo da ita har ta fito. Kuma akwai wani abu da bansan yadda zan auna shi ba amma ina jinsa, barci baya saurin ɗaukata a manuwal kuma hannuna baya samun sararin ɗaukar waya, dole hankalinka na kan abin da kake yi.

Yanzu bari in faɗi inda take cin mutum, kuma in 'yan ɓangarenmu sun ji haushi su yi haƙuri.

Gosulo. Ka fito daga aiki da yamma ka biyo Ahmadu Bello Way wajen babbar kasuwa, ko ka faɗa hanyar Rigasa daidai lokacin da jirgin Abuja ya sauke mutane, ko ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ga masu Keke Napep suna cusa kai ta ko'ina. Taka kuloci, sa ɗaya, saki kaɗan, matsa taku biyu, taka kuloci, birki, firi, sake. Haka zaka yi ta yi har ka daina ƙirgawa, cinyarka ta hagu ta fara rawa, gwiwa ta ɗau zafi, in kulocin motarka mai tauri ne kamar na wasu tsofaffin motoci to ka isa gida kamar ka yi noma. Ka waiga gefe kaga mai Corolla otomatik gilas a rufe ƙafa ɗaya kawai yake ɗagawa yana saukewa, yana ma cin gyaɗa. A irin wannan lokaci duk wata ƙwarewa da muke taƙama da ita bata da wani amfani, shi ya huta ni ban huta ba, magana ta ƙare. Da azumi kuwa gab da shan ruwa ba a magana. Kuma mu gode Allah Kaduna ce, an faɗaɗa tituna da yawa an sake gina gadar Kawo, da irin cunkoson Legas muke dashi ko na Mararaba da Nyanya da tuni na canza ra'ayi.

Gosulon nan kuma shi ne yake kashe kuloci, don gajiya tana sa mutum ya koyi mugun hali. Maimakon ka sa firi ka ɗaga ƙafa sai ka zauna a rabin kuloci, mota bata tafi ba bata tsaya ba, faifan nan yana gogar ƙarfe yana cinyewa. Wasu kuma ko a hanya mai kyau ƙafarsu na kan kuloci sun mai dashi matashi, ɗan nauyin nan kaɗai ya isa ya cinye boris. Mafi muni a kan tudu, layi ya tsaya kana tsakiyar hawa gada, mai keke ya manna hancinsa a bayanka ko tafin hannu bazai shiga tsakaninku ba, ka san in ka saki birki ta koma baya ko kaɗan sai an yi shari'a a titi. Sabon direba a nan zufa take karyo masa, ya saki kuloci da sauri mota ta mutu, na baya su cika shi da oda, wani ya leƙo yace Malam in baka iya ba ka ajiye ta a gida mana. Maganin dai hambirki ne, ka ja shi, ka nemo inda kuloci yake kamawa har kaji gaban mota ya ɗan ɗaga, ka ƙara wuta sannan ka sauke shi. Amma motoci nawa ne a garin nan hambirkinsu yake aiki, wannan ma wata tambayar ce.

Duk waɗannan basu kai abin da yafi damuna ba, motar ta zama tawa ni kaɗai a gidan. Uwargida ta iya tuƙi, a otomatik ta koya kuma tana ja da kyau, amma tawa ta gwada a filin ƙwallon unguwa ta mutu mata sau da yawa tace ita bazata iya da wannan jaraba ba. Da farko har daɗi naji, ba mai ce min kawo makulli. Sai wani dare zazzaɓi ya kwantar dani jikina na karkarwa ko tsayuwa bana iyawa, ga mota a ƙofar gida da mai a ciki, amma sai da ta fita cikin dare ta buga wa maƙwabci ƙofa yazo ya kaimu asibiti. Da na warke tace Malam motar da in ka kwanta ita ma ta kwanta ai ba motar gida bace. Ban samu amsar da zan bata ba har yau. Kuma kar wani yace ai mata ne basa iyawa, ƙarya ne, akwai hajiyoyi a garin nan da suka ja 504 da 505 shekara da shekaru, samarin yanzu ma da yawa in ka basu manuwal kallonta zasu tsaya yi. Abin koyo ne kawai, kuma wanda ya fara da mai sauƙi da wuya ya yarda ya dawo baya. A Ingila ma in da otomatik ka ci jarrabawar tuƙi lasisinka na otomatik ne kaɗai, doka bata yarda ka ja manuwal ba sai ka sake wata jarrabawar.

Ga masu ciwon gwiwa ko baya, ga dattawa, ga wanda ya taɓa karaya a ƙafar hagu, waɗannan babu ma abin tattaunawa, otomatik rahama ce a gare su kuma duk mai yi musu gorin ba direbobi bane bai san ciwo ba.

Masu aron mota kam sun ragu min, wannan riba ce, sai dai wanda zai ce ya iya alhali rabin iyawa yayi shi ne abin tsoro, ya dawo maka da ita tana ƙauri ribas na ƙara yace wallahi haka ya same ta. Ana kuma cewa ɓarayi basa son manuwal. A Amurka wataƙila, inda matasa basu san ta ba. A nan ɓarawon mota ya fi ka iya giya, kar ka bar ta a buɗe ka dogara da wannan.

Wajen sayarwa kuma sai ka duba wace mota ce. In Golf ce ko Sharon ko bas, manuwal ake nema ido rufe, jeka tashar Kawo ko Mando ka leƙa motocin da ke lodi ka gani, direban haya da yake zuwa Kano ya dawo kullum yasan abin da zai iya gyarawa a bakin hanya da kuɗin aljihunsa. Amma in mota ce ta 'yan gayu ko ta iyali, Corolla ko Accord, to da mai saye ya leƙa yaga feda uku zaka ga fuskarsa ta canza, dila kuma ya samu abin karya maka farashi, yace Alhaji ai manuwal ce kasan sai mai so. Wannan yana nufin in kai ne mai saye zaka iya samunta da rangwame, in kai ne mai sayarwa kuma kai zaka yi rangwamen. Gaba ma ba tamu bace, kamfanoni suna ta rage ƙera manuwal, motoci masu lantarki kuwa basu da kuloci kwata kwata. Sai dai mu da muke jan abin da aka ƙera shekara 15 ko 20 baya, wannan gaban zai ɗan jima bai iso Kurmin Mashi ba.

Kwanaki ɗan yayata ya tara 'yan kuɗinsa yazo yace Kawu wacce zan saya. Na tambaye shi abu uku, ina kake zuwa kullum, waye zai ja ta bayan kai, kuma in ta lalace gobe nawa zaka iya fitarwa ba tare da ka ci bashi ba. Yace daga Barnawa zuwa cikin gari ne sai ƙauye ƙarshen wata, shi kaɗai ne bai yi aure ba, na ukun kuma yayi dariya kawai. Nace to manuwal, ka sha wahalar ƙafa yanzu da kake da ƙarfinta. Da ace yana da iyali kuma aljihunsa da ɗan nauyi da otomatik zan ce masa ba tare da wata kunya ba, in yaso ya riƙe man giyarta da kyau.

Na kuma gaya masa abin da zai duba in sun je gani, don dila bazai faɗa masa ba. Ya samu fili ba kowa a gaba, ya ja hambirki ya taka kuloci ya sa giya uku, sannan ya saki kuloci a hankali yana ɗan bata wuta. In inji ya mutu nan take kuloci na da rai, in kuwa ya ci gaba da juyawa ƙafa a sama to faifan ya cinye, a cire kuɗinsa daga farashi. Ya shiga kowace giya yana tafe yaji ko akwai mai gurnani, musamman biyu da uku da suka fi shan wahala, ya kuma ɗaga ƙafa daga totur kwatsam a kowacce ya gani ko zata tofar da giyar ta koma firi da kanta. Ya leƙa ƙasa tsakanin inji da giya ko akwai jiƙar mai. Kuma ya je da safe kafin su ɗumama ta, da bakanikensa ba na dila ba.